Goron da Inna Ta Ci

Duk wanda ya ce mini juyin juya hali ne ya sa ni makaranta, sai in ce masa ya je ya sake tambaya. Juyin juya hali ya gina aji, ya sa rediyo ta yi ta ihu safe da yamma, wannan ba na musu. Amma abin da ya fitar da ni daga ƙarƙashin tire ya zaunar da ni a kan benci, goro ne guda biyu a cikin ganye. A kan idona aka yi, ba labari aka ba ni ba.

A Zangon Kwatano aka haife ni, a wani gidan haya mai tsakar gida ta yashi, inda ko tsakar rani tufa ba ta bushewa da kyau saboda iskar teku. Babana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga bakin ruwa ya yi arewa da su har Gaya ta ƙetaren iyaka, sai mu ga wata ya kama ya mutu ba mu sa shi a ido ba. Daga can Gayan ya auro Inna, ya kawo ta garin da ba ta da ko ɗan'uwa ɗaya. Inna waina take toyawa, kuma ba ta fita. A gidansu haka aka yi mata tarbiyya: matar aure ba ta zama bakin titi da tanda kamar yadda matan Kwatano suke yi. To, wainar ba za ta kai kanta kasuwa ba. Ni ce ƙafarta. Da sassafe in ɗauki tire in nufi tashar jirgin ƙasa kafin jirgin Paraku ya tashi, in dawo ta sake cika mini in wuce tashar motar Jonke wajen direbobin Ikko da Lome. Duk lungun da ke tsakanin nan na san shi, na san karen da ke cizo da wanda haushi kawai ya iya.

Akwai abu ɗaya game da Inna da sai an san shi za a gane sauran labarin. Ni ce 'yar farinta, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi har matan Zango ma suna ce mata ta sassauta. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke.” “Yarinyar nan.” “Waccan.” In yara suka doke ni na shigo ina kuka, sai ta ɗauke kai ta ci gaba da juya wainarta. In wata ta yaba ni a gabanta, sai ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta taɓa cewa “'yata” ba, ko da wasa. Na san al'ada ce, an gaya mini al'ada ce, amma wallahi tana yi mini ciwo, kuma duk wadda ta ce nata bai yi mata ciwo ba ƙarya take yi.

A gidan da ke manne da namu akwai wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, ba don mun haɗa jini ba. Mijinta masinja ne a wani kamfanin shigo da kaya a unguwar Ganhi, kuma kafin ya rasu ya sa 'yarsu tilo a lakwal, wato makarantar boko, ya bar wasiyya kada a cire ta. 'Yar nan ita ce muke ce wa Yaya. A layinmu kaf ita kaɗai ce macen da ta kai lise, wato babbar sakandare. Siririya ce, ga idanu, ga baki kamar reza. Da aka shiga zamanin juyi, aka canza wa ƙasa suna, aka ce kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai shara, sai Yaya ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta shiga cikin samarin juyi, ta aro lasifika a wajen kwamitin unguwa, ta ce ba za ta huta ba sai 'yan matan Zango sun shiga aji.

Ni dai ba sai an lallashe ni ba. Ba zan yi ƙaryar cewa ƙishin ilimi ne ya dame ni ba, me na sani game da ilimi? Kishi ne tsagwaronsa. 'Yan mata sa'o'ina, 'yan ƙabilar Fon da 'yan Yarabawa, sukan wuce ni da kakinsu na makaranta da allonsu a hannu, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, “Mai waina, zo nan!” ko gaisuwa babu. Ni ma ina son in zama wadda ake ji da ita, ba wadda ake yi wa kiran kare ba. Ga shi kuma na ɗebo tsawon Baba, na yi zaƙaƙam a cikin yara. Wata rana Yaya ta tare ni a hanya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ƙanwata, ke bana ne ko babu. In aka buɗe lakwal ba ki shiga ba, baɗi ba darektan makarantar da zai kalle ki, zai ce kin yi girma.” Maganar nan ta zauna mini a rai.

Yaƙin Yaya na farko, kai, abin dariya abin tausayi. Takan tsaya a mararraba da hantsi, kanta ba ɗankwali, kakinta iya gwiwa, ta kafa lasifika a baki. Rabi Hausa rabi Faransanci. Mata su farka! A karya sarƙar jahilci! Mazan da ke zaune a ƙofar masallaci suka yi mata kunnen uwar shegu. Mata kuwa sai su leƙo ta katanga, su ce, “Kun gani ko? Abin da lakwal ke mai da 'ya ke nan.” Maimakon ta jawo su, sai ta zama abin da ake nuna wa yara a tsorata su.

Da ta ga titi bai yi ba sai ta fara bin gidaje. Ranar da ta shigo namu, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta tsaya ƙerere a kan Inna, ta ɗaga hannu a dunƙule ta ce, “Kamarad, na zo ne kan maganar 'yarki.”

Inna ta ɗago a hankali, cokalin juya waina a hannunta. “Wa kike kira haka?”

“Ke, kamarad. Yanzu duk ɗaya muke, babu babba babu yaro.”

“Ni da ke ɗaya? Ni da na wanke miki kai, na cire miki ƙwarƙwata a kan cinyar nan? Fita! Fita tun ban ƙona miki wannan guntun buhun da kika sa ba!”

Yaya ta fita da sauri har ta bar takalmi ɗaya, ni na kai mata daga baya. Na same ta tana huci, tana cewa mutanenmu ba sa son ci gaba. Ni kuwa haushinta nake ji fiye da na Inna, don ta zo gyara ta ƙara ɓata mini lamari. Na ajiye mata takalmin na ce, “Yaya, da kin gaishe ta me zai ragu a jikinki?” Ta harare ni.

Abin da nake so da Yaya, ba ta san a kayar da ita ta kwanta ba. Ana cikin haka aka yi wani ruwa irin na Kwatano, wanda titi ke komawa tafki. Na fake da tirena a ƙarƙashin rumfar wani tela, sai ga ta ita ma ta shigo da lasifikarta a lulluɓe cikin leda. Muna tsaye sai ga mata layi guda, cikin adonsu, sun naɗe zane zuwa gwiwa, takalma a hannu, suna ratsa ruwa. Suna ake yi a gidan wani mahauci can ƙarshen layi. Yaya ta zuba musu ido. A ciki har da waɗanda suka ce mata ciwon ƙafa ya hana su zuwa taronta.

“Wa ya kira waɗannan?” in ji ta.

Na ce, “Wa kuwa? Goro aka kai musu.”

Ta dubi lasifikar da ke hammatarta, sai kawai ta fashe da dariya, har telan ya ɗago kai daga kekensa. Ta ce, “Ashe ni ce jahilar.”

Ga yadda abin yake a Zangonmu a lokacin. In mace tana da sabga, suna ko aure ko saukar karatu, takan naɗe goro a ɗanyen ganye ta aika gida gida. In kika karɓa kika fasa kika ci, kin amsa, ko sama za ta faɗo sai kin je. In kika mayar, kin yanke zumunci, kuma duk unguwa za ta ji. Mu baƙi ne a bakin teku, wannan daga Jugu, waccan daga Doso, wata kakanninta tun zamanin fatake suke nan. Ba dangi a kusa, sai junanmu. Shi ya sa ba a wasa da goro. Miji ma yana iya hana matarsa zuwa kasuwa, amma ba ya hana ta amsa goro, don ranar tasa sabgar yana son ganin mutane.

Sai dai budurwa ba ta aika goro. Wace ce ita? Dole ya fito daga hannun babbar mace wadda ƙafarta ta taka gidan kowa. A layinmu kuwa babu kamar Gwaggo. Ita ce mai wankan jego, ita ce mai zaman makoki, ita ce mai kwana da mara lafiya. Kuma tun bikin sunan Yaya ba ta sake kiran kowa ba. Kira ɗaya ya rage mata a duniya, tana tanadinsa don ranar auren 'yarta.

Washegari na kai wa Gwaggo wainar kari, na tarar ana dambarwa, sai na laɓe a bakin ƙofa na ƙi tafiya.

“Iya, kiran da kike ajiye mini, ba ni shi yanzu,” in ji Yaya.

“Kin sami miji ne?”

“A'a. Rakiyar yara lakwal za ki kira. Kowace ta zo da 'yarta.”

“Ke, kina da hankali kuwa? Shekara da shekaru ina gantali a bikin 'ya'yan mutane, ina cewa ni ma ranata na zuwa. Sai in ɓatar da ita a kan lakwal? Ni ba na roƙo sau biyu, kin sani.”

“Na sani. Ranar aurena ko liman da shaidu sun ishe ni. Iya, kin tuna takardar da aka kawo ranar da Baba ya rasu? Da ba ni, wa zai karanta miki? Sauran matan fa, wa suke da shi?”

 Gwaggo ta share ido da gefen zane ta ce, “Ubanki sak. Je ki cire wannan kakin, ki ɗaura zane kamar 'yar mutane, kafin ki taɓa mini goro.” Kuma ta cika maganarta. Shekaru bayan haka da auren Yaya ya zo, ba a raba ko ɓarin goro ba.

Na so a ce akwai mai ɗaukar hoto ranar da Yaya ta fito rabon goro. Zane har idon sawu, mayafi, ƙwarya a kai, tana tafiya kamar an ɗaure mata ƙafa don ba ta saba ba. Samarin kwamitinsu suka yi ta yi mata tsiya, wai ta sayar da juyi ta koma zamanin da. Ta ce musu, “Ku riƙe lasifikarku. Ranar buɗe lakwal ku zo ku ƙirga naku, in ƙirga nawa.”

Da ta iso gidanmu ta yi sallama sau biyu, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa.

“Inna, ina kwana? Ina gajiya? Iya ce ta aiko ni da goro. Ranar Litinin ta sama za a raka yara lakwal, ta ce ki zo da yarinyar nan.”

Inna ta dubi ganyen, ta dubi Yaya. Na ga fuskarta ta sauya, don ta gane tarkon tun kafin a gama magana. Lokacin da ta haife ni, ba uwa ba ƙanwa a garin nan, Baba yana hanya, Gwaggo ce ta yanke cibi, ta hura wutar wanka har aka yi arba'in. Goron kowa Inna za ta iya mayarwa ban da na Gwaggo.

“Yau ba kamarad?” in ji Inna.

“Na tuba, Inna.”

“Wayo ne ya zo miki, ba tuba ba. To, bari in tambaye ki. An ce a lakwal ɗin nan ana koya wa yara babu Allah.”

“Ni can na yi, kuma kin san ban bar salla ba. Da yamma za ta ci gaba da zuwa makarantar allo.”

“An ce noma ake sa su.”

“Ana sa su, wannan gaskiya ne. Ba ya kisa.”

“Tiren fa? Wa zai ɗauka? Ke?”

A nan na zaci Yaya za ta kawo dogon bayani irin nata. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Wannan ba ni da amsarsa, Inna. Za ki yi asara. Ba zan ce miki ba za ki yi ba.”

Inna ta yi tsaki. Ba ta miƙa hannu ba, ba ta kuma ce a mayar ba. Ta nuna randa da haɓa ta ce, “Ajiye a kan murfin can.” Ka ji Inna! Abin da aka ce ba shi da tsakiya, ita ta samo masa.

Haka goron nan ya zauna a kan randa, ni kuwa raina na kansa. Duk fitar da zan yi sai na kalle shi, duk dawowa shi nake fara dubawa. Yana nan, na ji sanyi don ba a mayar ba. Yana nan, na ji zafi don ba a ci ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, Inna ba ta cin goro sam. Ko ɗan ɓari ta tauna sai jiri ya kwashe ta, zuciyarta ta yi ta bugawa. In an kawo mata na sabga, gutsura take yi don cika al'ada, ta ba Baba sauran.

Baba ya dawo a cikin kwanakin, na ce to, ga mai ceto. Na same shi yana wanke ƙafa na zayyana masa komai. Ya dubi randa, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya ce, “Ni aka kawo wa goron? Maganar mata ce, kada ki sa ni a ciki.” Ya kwana biyu ya hau motarsa. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba.

Goro in ba a yayyafa wa ganyensa ruwa ba bushewa yake ya yi tauri, kuma busasshen goro ba amsa ba ne. Sai na ƙudura zan riƙa jiƙa shi a ɓoye. Ranar farko na faki idon Inna, na tsoma yatsu a moɗa, na ɗaga ganyen. Sai na ji shi a jiƙe. Washegari ma haka, jibi ma haka. Mu biyu ne manya a ɗakin, sauran ƙanne ne da ba su kai tsawon randa ba. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce mini ba, amma daga ranar na fara cin abinci da ɗan daɗi.

Litinin ta zo. Inna ta tashi ta toya waina kamar kullum, ta jera a tire kamar kullum. Daga waje ina jin guɗa ta fara tashi a ƙofar gidan Gwaggo. Na dubi kan randa, ba ganye ba goro. Na ce shi ke nan, ta aika ƙanena ya mayar. Na naɗe gammo, hawaye na zuba, na sunkuya zan ɗauki tiren.

“Ke, ajiye,” in ji ta.

Na ɗago. Leɓenta da haƙoranta sun yi ja. Ba gutsura ta yi ba, duka biyun ta cinye, ga ganyen a yashe kusa da murhu. Ta riga ta fara dafa bango saboda jiri.

“Tsayawa za ki yi kina kallona? Je ki sa kayan sallarki.”

Ba zan ce duk Zango ta fito ba, ƙarya ba ta da amfani. Wasu sun mayar da goron, suka daina gaisawa da Gwaggo har ta koma ga Allah. Wasu sun zo su kaɗai, wai yarinya ta kwana da zazzaɓi. Cikin waɗanda aka kai ma akwai waɗanda ba su rufa wata ba aka janye su. Amma waɗanda suka fito sun cika titi, da adonsu da turarensu, Gwaggo a gaba, yara a tsakiya, ana guɗa kamar amarya za a kai. Masu shaguna suka fito kallo. Samarin kwamiti na gefe da lasifikarsu, da yara 'yan ƙalilan a bayansu. Yaya ta wuce su tana gyara mayafi, ko kallo ba su ishe ta ba. Inna na can baya, ta rufe rabin fuska, ta bar tazara tsakanina da ita kamar ba tare muke ba.

Darektan makarantar wani dattijo ne ɗan Fon mai tabarau, ya fito da tebur ƙarƙashin bishiya. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka da ido yake aunawa. Sai ya ce yarinya ta ɗora hannu ta bisa kai ta taɓo kunnen ɗaya gefen. Wadda ba ta kai ba, ta yi ƙanƙanta, ta dawo baɗi. Wadda ta taɓa, ta shiga. Da layi ya zo kaina na ɗora hannu, sai ya wuce kunne ya kusa kamo haɓa. Mata suka kwashe da dariya. Darekta ya dube ni ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya yi magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane.

Yaya ta hau shi da Faransanci, tana nuna ni tana nuna sama. Shi kuwa ba mugu ba ne, sai buɗa hannu yake yi, wai doka ce, wannan ta wuce shekarun shiga, ga benci bai isa ba. Ya yi wa ta bayana alama ta matso.  Tiren nan na gani a gabana, har ƙarshen rayuwata.

Sai na ji ana ture mutane ta baya. Inna ce, mayafi ya zame, jan bakin nan a waje, tana tangaɗi.

“Me ya ce?” ta tambayi Yaya.

“Ya ce ta yi girma, Inna.”

“Faɗa masa 'yata ce. Ni na haife ta, ba shi ba.”

 Wata tsohuwa ta ce, “La ilaha illallahu!” ta rufe baki. Inna ko a jikinta. Ta kama wuyan hannuna a gaban kowa, ta ɗaga, ta kira sunana, cikakke, da ƙarfi, har sau biyu, don darekta ya ji da kyau. Sannan ta nuna wata guntuwar yarinya, 'yar mahauci, da aka riga aka karɓa.

“Ita da waccan, wata ɗaya aka haife su. Wuta ɗaya aka hura mana ni da uwarta, ga wadda ta hura nan tsaye. Tsawon ubanta ne ta ɗebo, tsawo laifi ne? Faɗa masa na ci goro a kan maganar nan, kuma ni ba na cin goro. Ba inda za ni.”

Ta zauna daɓas a kan yashi a gaban teburin. Matar mahauci ta ce wallahi haka ne, ta zauna. Gwaggo ta zauna. Kafin ka ce kwabo duk matan sun zazzauna da adonsu. Yaya ta fassara wa darekta. Darekta ya cire tabarau ya goge, ya dubi guntuwar, ya dube ni, sai ya yi dariya ya ɗauki alƙalami. Ya ce a gaya mini benci na ƙarshe zan zauna, don kada in tare wa yara allo.

Ni ban ma ji wannan ba sai daga baya. Sunana kawai nake ji yana yawo a kunnena, da muryar Inna. Ashe ta iya faɗinsa, ashe ma ta fi kowa iyawa. Na yi kuka sosai a bencin ƙarshen nan, malamin ajin ya zaci tsoron makaranta ne.

Da aka tashe mu da tsakar rana na sheƙo gida a guje. Tun daga nesa na hango hayaƙi a ƙofar gidanmu. Inna ce zaune a bakin titi, ta fito da murhu da tanda, ta ɗaure goshi da ɗankwali saboda ciwon kan goro, ta ɗan juya wa hanya baya don kunya, tana zuba ƙullu. Wasu leburori biyu na tsaye suna jira. Matar da tun da aka kawo ta garin nan ba a taɓa ganin ta zauna a waje ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta dube ni ba, kuma ta koma gidan jiya.

“Ke, me suka koya miki?”

“Sun koya mana mu dunƙule hannu mu ce a shirye muke don juyi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Inna.”

Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu. “A kan wannan na ci goro? Gobe ki koma, ki ce su ba ki na gasken.”

Na shiga gida in sha ruwa. Tiren na nan a kan randa, a inda goron ya zauna. Ta wanke shi ta kife.